Wa Ya Leƙa Cikin Tankar Nan? Takardun Motocin Dakon Mai da Abin da Kowace Ke Karewa

Duk wanda ya saba bin hanyar Tanut da sassafe ya san jerin motocin nan masu dogon ciki da ke fake a gefen kwalta, wasu na jiran layin lodi, wasu sun yi lodi suna jiran gari ya waye. Wata safiya cikin hunturu na tsaya shan shayi a bakin gari, kusa da ɗaya daga cikinsu, tanka ko sitarni kamar yadda muka fi cewa a nan. Ban kai ga kurɓa ta biyu ba hancina ya ɗauko warin esansi. Da na sunkuya sai ga gwangwanin tumatir a ƙarƙashin bakin da ake sauke mai, mai na ɗiga a ciki, ɗis, ɗis. An naɗe wurin da tsumma da robar taya, an dama sabulu an liƙe gefen. Taku goma sha biyu na ƙirga daga gwangwanin zuwa murhun gawayin mai shayi.

Direban dattijo ne, yana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Na gaishe shi na ce, "Baba, wannan ɗigon fa?" Ya ce, "Ɗana, ƙaramin abu ne, in mun sauke za a gyara. Takardunmu kuwa cif suke." Ya sa yaron motar ya ɗauko jakar takardu, ya baje mani su a kan tabarma: kartigiriz, asiransi, bizit, takardar awon tanki, takardar lodi. Babu wadda ta mutu. Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga alamar yana ɓoye wani abu ba. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, a cikin takardun nan biyar babu ko ɗaya da ke shaida cewa wani masani ya taɓa shiga cikin tankin, ya matsa shi da ruwa, ya gwada bawul ɗinsa, ya sa hannu cewa zai riƙe abin da aka zuba masa ko da mota ta kwanta.

Mu mutanen Damagaram ba 'yan kallo ba ne a wannan magana. Tun watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ, kilomita 50 ko sama da haka kaɗan arewa da gari, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man ta bututu yake zuwa daga Agadem, tafiyar sama da kilomita 460, ba wanda ke ganinsa. Tataccen kuwa, esansi da gazuwal da gas ɗin girki, a bayan mota yake fita. Mai zuwa Yamai zai ci kusan kilomita 900 ta Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni da Doso. Mai zuwa Difa ya bi ta Mirya da Gure, mai zuwa Agadas ya haura ta Tanut. Kowace hanya daga cikinsu ta ratsa tsakiyar garuruwa, inda ranar kasuwa ake baza haja har bakin kwalta, masu tuyar ƙosai na gefe ɗaya, 'yan ruwa-ruwa da kwalabensu na ɗaya gefen.

Ruɗanin yana farawa ne daga kalmar "takardu", domin tambayoyi uku ne daban ake haɗawa a jaka ɗaya. Bizit tana amsa ta farko: shin motar tana tafiya lafiya? Birki, taya, fitilu, sitiyari. Tambayar da ake yi wa motar albasa ko ta siminti ke nan, ba wani bambanci. Takardar awo tana amsa ta biyu: lita nawa kowane ɗakin tankin ke ci, kuma a wane layi na sandar awo man zai tsaya? Wannan ba a wasa da ita. Mai gidan mai da kansa ko yaronsa amintacce zai hau saman mota da rana tsaka, ya duba hatimi, ya tsoma sanda, ya yi gardama a kan rabin yatsa, domin kowace lita kuɗi ce. Aljihu take karewa, shi ya sa take da masu gadi da yawa. Ta ukun ita ce mai kare rayuka: shin wannan mota da wannan tanki an ƙera su, kuma har yau suna nan a yanayin da za su ɗauki wannan kaya musamman? Wanda zai amfana da amsarta ba mai mota ba ne kawai, ba mai saye ba ne kawai. Mai tuyar ƙosan nan ce ta bakin hanya, wadda ba ta san ana yin irin wannan takarda ba.

Duniya ta daɗe da tsara yadda ake amsa tambaya ta uku. Akwai yarjejeniyar dakon kayan haɗari a kan hanya da ake kira ADR, wadda aka sa wa hannu a Jeneba ranar 30 ga Satumba 1957 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara aiki a 1968, kuma ana sabunta ƙa'idojinta duk shekara biyu. Da farko ta Turai ce, amma daga 2021 an cire sunan Turai daga kanta don kowace ƙasa ta ji tana iya shiga. A Afirka ƙasashe ƙalilan ne a ciki: Maroko, Tunisiya, Najeriya da ta shiga a 2018, sai Uganda. Nijar ba ta cikin jerin. Duk da haka ƙa'idojin sun shafe mu, domin da yawa daga tankokin da aka sayo na hannu daga Turai a kan wannan ma'auni aka ƙera su, kuma shi ne mudun da masu sana'ar ke komawa gare shi in ana son a san tanki na gari.

A tsarin ADR takardar amincewa farar takarda ce mai ratsin ruwan hoda a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Shekara ɗaya take yi, sai an sake duba mota kafin a sabunta. Kan mota yana da tasa, tirelar tana da tata, domin lafiyayyen tanki a bayan kai mai tsiraran wayoyi bai tsira ba. A jikinta ana rubuta ajin motar. FL ita ce mai ɗaukar ruwa mai saurin kama wuta kamar esansi, da gas mai ci da wuta. AT ita ce ta sauran kayan haɗari da ake zubawa a tanki. Akwai kuma ajin masu ɗaukar nakiya. Motar FL tana iya yin aikin AT, amma ta AT ba ta yin aikin FL.

Dalilin wannan bambanci yana cikin halin esansi. Ba ruwan ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma esansi yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a Damagaram da watan Afrilu ke haura digiri 40 na zafi. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya watse, rarrafe yake yi a ƙasa, ya bi kwata, ya taru a rami, ya je ya iske wuta inda take. In ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa. Gazuwal ya fi haƙuri, sai ya ɗumama ya haura digiri 55 kafin ya ba da tururi mai kamawa. Don haka duk abin da ake nema a motar FL farautar tartsatsi ne: makunni guda da direba zai murɗa ya yanke batir gaba ɗaya, wayoyin da ke bayan kai a rufe cikin kariya, salansa a wurin da mai ba zai ɗiga mata ba, da wurin maƙala wayar ƙasa lokacin lodi da saukewa. Wannan waya ta ƙarshe mu ya fi kamata mu gane amfaninta. Wanda ya taɓa kama ƙofar mota cikin hunturu ta ja shi, ya san busasshiyar iska tana tara lantarki. Mai da ke gudu cikin tiyo ma haka yake tarawa, kuma in babu wayar da za ta kai shi ƙasa, a bakin tanki zai yi tsalle. Mafi muni shi ne a zuba gazuwal cikin ɗakin da esansi ya fita jiya, tururinsa na nan cike. Ban da wannan, ana neman birkin da ba ya kulle taya, da birkin inji na gangara, da na'urar da ke hana mota wuce kilomita 90 a awa, da ƙarfen kariya a baya wanda ya ba tanki tazarar aƙalla santimita 10.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar magana tana jikin tankin kansa.

Kowane tanki yana da lambar hali mai haruffa huɗu. Na esansi LGBF ne. Harafin farko na cewa na ruwa ne, na biyu na nuna ƙarfin matsin da aka ƙera shi a kai. Na uku, wato B, yana nufin ta ƙasa ake sauke shi, kuma bakin yana da marufi uku a jere, kowane mai zaman kansa: bawul na ciki da ke cikin tumbin tankin, bawul na waje, sai murfin ƙarshe. Na huɗu, F, yana nufin hancin da tankin ke numfashi ta cikinsa yana da rariyar ƙarfe mai hana harshen wuta shiga. A cikin waɗannan duka, bawul ɗin ciki shi ne mai gida. An tsara shi yadda ko haɗari ya fizge bututun waje ya yar, shi yana nan a rufe, mai bai fita ba. Haka murafan sama: an yi masu garkuwar ƙarfe, kuma hancin numfashin yana da abin da ke toshe shi in mota ta kife. Tankar da aka ƙera daidai, aka kuma kula da ita, tana iya kwanciya a gefen hanya ba tare da ta zubar da abin kirki ba. Ɗigon da na gani a gwangwanin tumatir yana gaya wa mai ilimin abin cewa marufi uku ne suka gaza tare, ko kuma dama ba ukun ba ne.

Wannan ne ya sa nake jin zafi in an taƙaita bala'in tankoki a kan masu kwasar ganima. Daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019, a bakin azumi, tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, mutum 55 suka rasu nan take, adadin ya haura 70 daga baya, ƙasa ta yi makokin kwana uku. Ranar 15 ga Oktoba 2024 aka yi irinsa a Majiya ta jihar Jigawa, nan maƙwabtanmu, mamatan suka haura 200. Ranar 18 ga Janairu 2025 kuma a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, sama da mutum 80. Gaskiya ne kusantar tankar da ta faɗi ganganci ne, kuma wajibi ne malamai da masu unguwa da gidajen rediyo su ci gaba da faɗa. Amma kafin mutum na farko ya ɗauko bokiti, sai da mai ya fito. In marufai sun riƙe, babu abin kwasa, babu taro, babu tafkin tururi. Talauci ba abu ba ne da za a kawar a shekara guda. Bawul kuwa ana gwada shi a wuni ɗaya.

Gwajin tanki daban yake da duban shekara-shekara na mota. A ƙa'idar ADR, kafin sabon tanki ya fara aiki ana gwada shi. Bayan nan duk shekara shida ana yi masa babban gwaji: a wanke shi, a kore tururi, mai duba ya shiga ciki da fitila ya bi ɗinkin walda ɗaya bayan ɗaya, ya nemi tsatsa da tsaga, sannan a cika shi da ruwa a matsa. Da ruwa ake yi ba da iska ba, domin ruwa ba ya matsuwa, in tanki ya gaza tsagewa zai yi ya zubar, ba fashewa ba. A tsakani, duk shekara uku, akwai ƙaramin gwaji na yoyo da na aikin kowane bawul. Sai kuma wanda aka fi mantawa da shi: gwajin musamman, duk lokacin da tanki ya yi haɗari, ko aka gyara shi, ko aka sauya masa wani abu da zai iya taɓa lafiyarsa. Ma'ana, ranar da wutar walda ta taɓa jikin tanki, tsohuwar shaidar ta daina magana a kansa sai an sake dubawa.

Kawuna ya yi shekaru yana jan tanka kafin idonsa ya raunana ya ajiye. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wace mota ce ta fi ba ka tsoro, cikakkiya ko fanko?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "A gareji, fanko. A hanya, mai rabi." Ya ce cikakken tanki ba shi da wurin iska, amma wanda aka sauke cike yake da tururi, shi ya sa mai walda da ya san aikinsa ba ya kusantarsa sai an wanke an tabbatar. Game da mai rabi kuwa, sai ya sa aka kawo masa kwano da ruwa rabi, ya ce in ɗauka in yi sauri in tsaya. Ruwan ya watso mani a riga. Ya ce, "To ɗana, ka mai da wannan tan goma sha biyar, a bayanka, kana shan kwana a Takeita. Ka taka birki mota ta tsaya, sai ka ji an bangaje ka daga baya. Ka karya kwana, kayan su tafi gefe guda su ɗaga maka taya."

Abin da Kawu ya koya da jikinsa, ƙa'ida ta rubuta shi da lamba. Tankin da ba a raba cikinsa da shingayen ƙarfe zuwa sassan da ba su wuce lita 7,500 ba, to ko dai a cika shi ya kai kashi 80 cikin 100, ko kada ya wuce kashi 20. Tsakanin nan haramun ne. Shingayen kuwa daga waje ba a ganinsu. Suna iya tsagewa, walda ta saki, ko a cire su lokacin gyara a ƙi mayarwa, mota tana sheƙi da sabon fenti. Sai wanda ya shiga ciki zai sani. Cikawa maƙil ma ba ta halatta ba, domin mai yana kumbura da zafi, kusan lita ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Lita 40,000 da aka loda da sanyin asuba, in rana ta ƙara masu digiri 15, sun ƙaru da kusan lita 600. In ba a bar masu fili ba, ta murfi za su nemi hanya.

Sai maganar ƙari, wadda ita ce ciwon da ke damun sana'ar a yankinmu baki ɗaya. Ana biyan dako ne a kan lita, saboda haka kwaɗayin ƙara wa tanki tsawo ko tsayi ba ya ƙarewa. Ƙa'ida ta ce faɗin da ke tsakanin gefen tayar dama da gefen ta hagu ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na tsayin cibiyar nauyin mota in tana da lodi. Faɗin mota ba ya ƙaruwa, don haka duk taƙin da aka ƙara a sama, an matso da ita ne kusa da kifewa. Nauyin ma ba ƙarami ba ne: litar esansi ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, ta gazuwal ta fi haka, har lita 45,000 na gazuwal su kai kusan tan 38 ban da nauyin motar. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane layin taya zai ɗauka, don kare kwalta, amma birki ma da iyakar nauyi aka ƙera shi. Bayan abin da ya faru a Dikko, hukumar mai ta Najeriya ta hana loda tankoki masu cin lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Ban ɗora laifi a kan masu waldarmu ba. Akwai masu hannu a cikinsu ƙwarai, kuma da su ƙasar nan ke tafiya. Abin da ya dace shi ne a jawo su cikin tsari, a horar da su, a ba garejin da ya cancanta izinin taɓa tanki, duk abin da ya fito daga hannunsu kuma ya bi ta wurin gwaji kafin ya koma layi.

Gas ɗin girki kuma wata duniya ce. A matse yake cikin tanki ya zama ruwa, in ya samu kafa lita ɗaya tana zama kusan lita 250 na tururi. Ranar 11 ga Yuli 1978 a Los Alfaques ta ƙasar Sifen, wata tanka da aka loda wa tan 23 na gas a maimakon 19 da aka yarda mata, ba ta kuma da bawul ɗin rage matsi, ta fashe a gefen wani sansanin 'yan hutu, sama da mutum 200 suka mutu. Wuce ƙima a lodi, zafin rana, da tankin da ya riga ya gaji: babu ɗaya daga cikin ukun da yake baƙo a hanyoyinmu.

Akwai ɓangaren da kowa zai iya karantawa ba tare da ya ga jakar direba ba, wato allon nan mai ruwan lemo da ke gaba da bayan mota. Lambar sama tana faɗin irin haɗarin, ta ƙasa tana faɗin sunan kayan a rajistar Majalisar Ɗinkin Duniya. 33 a kan 1203 esansi ne. 30 a kan 1202 gazuwal ne, 30 a kan 1223 kananzir, 23 a kan 1965 gas ɗin girki. In lamba ta maimaitu, kamar 33, haɗarin ya tsananta ke nan. In ka ga harafin X a gaban lamba, kayan ba sa shiri da ruwa, zuba masu ruwa ƙara masifa ne. An ƙera allon yadda lambobinsa za su karantu ko bayan minti 15 cikin wuta, saboda 'yan kwana-kwana aka yi shi. Wanda ya kira lamba 18 ya iya faɗa masu abin da ke rubuce a allon daga nesa, ya rage masu rabin aiki. Allon da aka rubuta da fenti tun shekaru, yana cewa gazuwal alhali esansi ke ciki, gara babu shi.

Direba ma yana da tasa shaidar ban da lasin tuƙi. A tsarin ADR horo ne na musamman da jarrabawa, da ƙarin darasi ga masu jan tanki, kuma duk shekara biyar ake sabuntawa. Babbar mota tana ɗauke da abin kashe gobara aƙalla biyu da jimillarsu ta kai kilo 12, da waigi na taya, da alamun gargaɗi biyu, da takardar abin da za a yi in haɗari ya auku. A nan zan ƙara abin da ƙa'idar Turai ba ta yi tunaninsa ba: yaron mota. Shi ke kwana a ƙarƙashin tanka, shi ke dafa abinci, shi ke buɗe bawul. Horon da bai kai gare shi ba, da Hausa, da baki, bai kai inda ake bukata ba.

Na san abin da masu motoci za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce kuɗin dako bai taka kara ya karya ba, hanya na cin taya, kayan gyara sun yi tsada, ga shi za a ƙaro wata takarda da za ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro a kowane shinge. Tsoron nan na ƙarshe ni ma ina da shi. Shi ya sa nake ganin ba a bakin hanya ya kamata a tsare wannan shaida ba. Jami'in da ke tsaye cikin rana ba shi da hanyar sanin ko shingen ciki ya karye, takarda kawai zai gani. Wurin da ya dace shi ne ƙofar lodi. Kowace tanka dole ta bi ta nan, a tsaye take, fanko ce, akwai lokaci, kuma mai ba da kaya yana da iko guda da ba wanda ke jayayya da shi: ya ce ba zan zuba ba. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da shirin duba tanka a ƙofar daffo kafin lodi, kuma haɗurran da aka ci gaba da yi a can sun nuna cewa kallon taya da fitila a bakin ƙofa bai isa ba in babu gwajin tanki na gaske a bayansa. Mu a nan mun yi dace ta wani fanni, domin ƙofofin da mai ke fita ba su da yawa, ana iya ƙirga su: matata guda, da daffo-daffo na kamfanin mai na ƙasa, SONIDEP. Kayan gwajin kuma ba abin al'ajabi ba ne. Famfon matsa ruwa ne, da agogon matsi, da na'urar auna kaurin ƙarfe, da mai sansano tururi, sai mutumin da ya san aikin wanda ba mai motar ke biyansa albashi ba. Garin da matata ke bakin ƙofarsa shi ya fi cancanta ya zama inda ake yin wannan gwaji, yadda mota za ta shiga ranar da take jiran layi, ba sai ta yi asarar tafiya ba.

Kowane tankin da aka ƙera bisa ƙa'ida yana da ɗan farantin ƙarfe da ba ya tsatsa, a manne a jikinsa inda hannu zai kai. A kansa ake buga sunan maƙeri, shekarar ƙira, matsin gwaji, da yawan abin da kowane ɗaki ke ci. A ƙasa kuma, duk lokacin da aka yi gwaji, mai duba yana buga wata da shekara da hatiminsa, da harafin P in babban gwaji ne, ko L in na yoyo ne. Tarihin tankin ke nan a buge a ƙarfe, wanda ruwa ba ya wankewa. Da safiyar nan, bayan dattijon ya mai da takardunsa jaka, na nemi izininsa na zaga motar. A gefen dama, kusa da ƙafafun tirela, na samu wurin. Farantin ba ya nan, sai hudoji huɗu na ƙusa da aka bi da fenti. Na nuna masa na ce, "Baba, ina ƙarfen da ke nan?" Ya taso ya duba, ya shafa wurin da yatsa, ya ce tun da aka ba shi motar haka ya same ta. Sannan ya kira yaronsa ya ce ya zubar da gwangwanin a tanki, ya roƙi mai shayi ya ja murhunsa baya.